Rabon Zangon Rediyo Tsakanin Wayoyin Hannu Masu Tura wa Juna Bidiyo Kai Tsaye

Idan ɗalibai biyu suna zaune a benci ɗaya, ɗayansu ya aika wa abokinsa hoton bidiyo ta intanet, hoton ba ya tsallaka ɗan taƙin da ke tsakaninsu kai tsaye. Sai ya fara tashi daga wayar mai aikawa zuwa turken sadarwa mafi kusa, wanda wataƙila yana da nisan kilomita guda, daga can ya bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ke kula da saƙon, waɗanda sau da yawa suna wata ƙasa dabam, sannan ya juyo ya sake saukowa ta wannan turken ya faɗa wayar da ba ta fi kamu ɗaya daga inda ya taso ba. In kuma ɗalibai hamsin ne suke son wannan hoton, to turke zai sauko da abu guda har sau hamsin. Wannan ɓarna ce babba, musamman idan aka tuna cewa a ƙididdigar kamfanin Ericsson ta 2023, bidiyo shi ne ya ɗauki sama da kashi 70 cikin ɗari na dukkan datar da wayoyin hannu suka sha a duniya.

Maganin da yake fara zuwa wa kowa a zuciya shi ne a bar wayoyin su miƙa wa juna hoton da kansu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kano ko Zariya ko Maraɗi, inda aka daɗe ana turin finafinai da waƙoƙi da karatuttukan malamai daga waya zuwa waya, da farko ta Bluetooth, daga baya kuma ta manhajoji irin su Xender. Abin da mai turi ba ya gani shi ne cewa kowace waya da ta buɗe baki domin yin magana da maƙwabciyarta, a cikin sararin da wasu ɗaruruwan wayoyi suke magana take yi. Wane zango za ta hau, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfin murya? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce masana sadarwa suke kira rabon albarkatun rediyo, kuma a kanta ne amfanin turi kai tsaye yake tsayawa ko ya rushe.

Zango, dukiyar da ba ta ƙaruwa

Igiyar rediyo kaɗawa take yi, kuma ana auna yawan kaɗawarta a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz. Kilohaz shi ne dubu, megahaz miliyan, gigahaz kuma miliyan dubu. Masu sauraron rediyo sun saba da jin gajeren zango da matsakaicin zango, to haka ma wayoyin hannu suke da nasu zangunan, galibi daga wajen megahaz 700 zuwa 'yan gigahaz kaɗan. Na ƙasa da haka yana buƙatar eriya mai tsawon da ba za ta shiga aljihu ba, na sama sosai kuma ba ya iya ratsa bango yadda ya kamata. Saboda haka abin da ya rage a tsakiya ɗan kaɗan ne, kamar fadama a bakin rafi, kowa idonsa a kanta.

Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU, wadda aka kafa a 1865 take kuma da hedkwata a Janiba, ita ce take tsara rabon zango tsakanin ayyuka dabam-dabam, kowace ƙasa kuma ta raba wa kamfanoninta. Kuɗin da ake biya ya isa ya nuna darajar abin. A gwanjon da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta yi a watan Janairun 2001, lasisin GSM ɗaya ya kama dala miliyan 285. A watan Disamban 2021 kuma kamfanonin MTN da Mafab sun ci gwanjon megahaz 100 kowannensu a zangon gigahaz 3.5, a kan dala miliyan 273.6, wato sama da dala miliyan biyu da rabi ke nan a kan kowane megahaz guda. Wanda ya sayi fili da irin wannan tsada ba zai zuba ido wasu su yi ta shuka a ciki yadda suka ga dama ba.

Mai karatu yana iya tambaya, me zai hana a ƙara ƙarfin sigina kawai domin a tura bayani da yawa ta zango ɗan kaɗan? Claude Shannon ya amsa wannan tun a 1948. Lissafinsa ya nuna cewa in aka ninka faɗin zango sau biyu, yawan bayanin da za a iya turawa yana kusan ninkuwa sau biyu, amma ƙarin ƙarfi ba ya biyan wahalarsa haka. Alal misali, idan sigina ya fi hayaniyar da ke kewaye da shi ƙarfi sau 15, kowane haz guda yana iya ɗaukar bit 4 a daƙiƙa. Kafin a kai bit 8, sai sigina ya fi hayaniya sau 255, wato an ninka ƙarfi sau 17 domin a sami ninki biyu kacal. Bugu da ƙari, ƙarfin da wata waya ta ƙara, shi ne yake zama hayaniya a kunnen maƙwabciyarta.

Dabarar da ta fitar da masu sadarwa daga wannan ƙunci ita ce maimaita zango. A 1947 Douglas Ring na ɗakunan bincike na Bell a Amurka ya ba da shawarar a yanka gari zuwa ƙananan yankuna masu kama da saƙar zuma, kowane yanki da turkensa mai matsakaicin ƙarfi, ta yadda yankuna biyu da suka yi nisa da juna za su iya hawa zango ɗaya ba tare da sun ji juna ba. Abin sha'awa, kalmar da Turawa suka kira waɗannan yankuna da ita, ita ce dai wadda Robert Hooke ya raɗa wa ƙwayoyin halitta a 1665, lokacin da ya leƙa ɓawon itace da madubin ƙara girma ya ga ƙananan ɗakuna a jere. Tun daga lokacin da aka fara aiki da wannan shawara, yawancin ƙaruwar da aka samu a sadarwar wayar hannu ta fito ne daga ƙanƙanta yankunan nan. Turi kai tsaye shi ne ƙarshen wannan hanya, domin yanki ya ƙanƙance har ya zama tazarar da ke tsakanin mutum biyu.

Ribar kusanci

Ƙarfin igiyar rediyo yana raguwa da sauri in ta yi nisa. A sarari fetal, ninka nisa sau biyu yana mayar da ƙarfi kashi ɗaya cikin huɗu. A cikin gari, inda gine-gine da itatuwa da jikin mutane suke tare hanya, yana iya komawa kashi ɗaya cikin takwas, ko ma cikin goma sha shida. A ɗauki wayar da take da nisan mita 1,000 daga turke, maƙwabciyarta kuma tana mita 50 daga gare ta. Nisan ya ragu sau 20, saboda haka a matsakaicin lissafin cikin gari ƙarfin da ake buƙata domin a isa ga maƙwabciya ya ragu wajen sau 8,000. Wayar 4G ta yau da kullum iyakar ƙarfinta miliwat 200 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat guda, to mai turi kusa ɗan abin da zai taɓa daga ciki ƙalilan ne. Raɗa take yi, alhali mai magana da turke ihu take yi.

Raɗa kuwa tana ba da dama mutane da yawa su yi hira a zaure ɗaya. Wannan ne tunanin da wasu masu bincike na kamfanin Nokia, ƙarƙashin Klaus Doppler, suka bayyana a 2009, cewa a bar wayoyi biyu makusanta su yi magana a kan zangon da wata waya take amfani da shi wajen magana da turke, muddin ba za su dame ta ba. Ƙungiyar 3GPP, wadda take rubuta ƙa'idojin da kamfanonin wayar hannu suke bi, ta shigar da turi kai tsaye cikin kundinta na 12, wanda aka kammala a 2015.

Kafin a fahimci rabon, sai an san abin da ake rabawa. A tsarin 4G ana yanka zango gida-gida ta fuska biyu, ta faɗi da ta lokaci. Kowane gurbi yana da faɗin kilohaz 180, kuma turke yana sake rabon gurabe a cikin kowane kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Zango mai faɗin megahaz 20 yana ɗauke da gurabe 100. Ke nan a cikin daƙiƙa ɗaya tak turke yana yanke hukunci sau dubu a kan wanda zai sami kowane ɗaya daga cikin gurabe ɗarin nan. Babu wani sarkin ruwa a kan madatsa da ya taɓa fuskantar rabo mai sauri irin wannan.

Hanya biyu ce ake bi a sama wa masu turi wuri. Ta farko ita ce keɓewa, wato a cire wasu gurabe a ce na masu turi ne su kaɗai. Wannan ta fi kwanciyar hankali, sai dai duk lokacin da babu mai turi, gurbin yana zaune banza. Ta biyu ita ce raɓawa, wato masu turi su raɓu a gurbin da aka riga aka bai wa wata waya. A nan ribar take, a nan kuma haɗarin yake. Galibi ana raɓa su ne a hanyar hawa, wato wadda wayoyi suke aika saƙo zuwa turke, saboda dalilai masu ma'ana. Hanyar hawa ba ta cika cunkoso kamar ta sauka ba, tun da mutane sun fi saukewa a kan aikawa. Sannan wanda hayaniyar masu turi za ta dama a wannan hanya turke ne, shi kuwa an san inda yake, ba ya motsi, kuma yana da kayan aikin da zai auna abin da yake damunsa ya umarci mai hayaniya ya sassauta.

Wa za a haɗa da wa? Ba a raɓa masu turin da suke gindin turke a hanyar hawa, domin ko raɗarsu za ta toshe masa kunne. Haka kuma ba a haɗa su da wayar da take ihu a kusa da mai karɓar turin. Abin da ake nema shi ne a haɗa kowane mai turi da wayar da ta fi nisa da shi, a kuma ƙayyade masa ƙarfi. Wannan yana da sauƙin faɗa. In akwai masu turi 10 da gurabe 10, hanyoyin haɗa su sun kai 3,628,800. In sun kai 20 da 20, adadin ya haura 2 mai sifiri 18 a bayansa. An yi sa'a akwai dabarar lissafi da Harold Kuhn ya wallafa a 1955, wadda take warware irin wannan haɗi na ɗaya da ɗaya cikin hanzari. Amma da zarar an yarda masu turi da yawa su raɓu a gurbi guda, kowane yana shafar kowane, matsalar ta shiga sahun waɗanda har yau ba a san wata gajeriyar hanyar samun cikakkiyar amsarsu ba, sai dai a nemi amsa mai dama-dama kafin lokaci ya ƙure. Ga kuma wani nauyin: turke ba zai iya rabo ba sai wayoyi sun riƙa kai masa rahoton yadda suke jin juna, rahoton nan kuwa shi ma gurbi yake ci.

Yadda kifi da kwaɗi suka yi nasu rabon

To, idan babu turke fa, ko kuma rahoton ya yi yawa har ya cinye ribar? Dole wayoyin su raba da kansu ba tare da shugaba ba. Wannan matsala ce da wasu halittu suka daɗe da fuskanta kafin a ƙera rediyo.

Masunta a kogin Kwara da tafkin Chadi sun san kifin nan da ake kira ɗan sarki, wasu kuma su ce yauni, mai dogon jiki da siririyar wutsiya. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano cewa wutsiyar wannan kifi tana fitar da wutar lantarki mai rauni ba ƙaƙƙautawa, wadda take kaɗawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa da wannan wuta kifin yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin ruwa mai duhu, domin dutse da ciyawa da ƙaramin kifi kowanne yana karkata wutar ta wata fuska dabam, fatar jikinsa kuma tana jin wannan karkata. Matsala tana tasowa ne idan kifaye biyu masu kusan yawan kaɗawa ɗaya suka haɗu. Wutar ɗaya tana rikita ta ɗayan, duka biyun su zama kamar makafi. A 1963 wasu masana biyu 'yan Japan, Akira Watanabe da Kimihisa Takeda, suka gano abin da wani kifin lantarki na Kudancin Amurka yake yi a irin wannan hali, daga baya kuma aka tarar ɗan sarki ma haka yake yi. Wanda kaɗawarsa ta ɗan fi yawa sai ya ƙara sama, wanda tasa ta ɗan gaza kuma ya ƙara ƙasa, har tazara ta buɗe a tsakaninsu. Babu wanda ya ba su umarni, kuma babu shawarar da suka yi da juna. Kowannensu ya saurari maƙwabcinsa ne ya kauce. Abin lura shi ne kifin Afirka da na Kudancin Amurka ba daga kaka ɗaya suka gaji wannan dabara ba, kowane dangi ya iso gare ta ne ta hanyarsa, wanda yake nuna cewa hanyoyin fita daga wannan matsala ba su da yawa.

Kifi ya raba zango, kwaɗo kuwa lokaci yake rabawa. Duk wanda ya kasa kunne a bakin kududdufi da damina zai ji kamar hayaniya ce kawai, amma a nau'o'in kwaɗi da yawa mazan da suke kusa da juna suna karɓa-karɓa ne, kowane yana jefa kukansa a cikin shirun maƙwabcinsa, domin macen da ake yi wa kiran ta iya bambance shi. A 2019 Ikkyu Aihara da abokan aikinsa a Japan sun nazarci kukan wasu kwaɗin itace, suka mayar da tsarinsa lissafi, suka kuma gwada shi a kwamfuta a kan ƙananan na'urorin sadarwa marasa shugaba, inda ya taimaka musu kauce wa karo da juna.

Misali na uku ya fi ƙanƙanta. A jikin ƙudan 'ya'yan itace, lokacin da yake girma, wasu ƙwayoyin halitta ne kawai suke zama tushen gashin da yake jin taɓawa da shi. Ƙwayar da ta riga zaɓar kanta takan aika wa maƙwabtanta saƙon sinadari mai hana su zama irinta, saboda haka ba a samun zaɓaɓɓu biyu a manne da juna, kuma babu ƙwayar da take nesa da zaɓaɓɓiya. A 2011 Yehuda Afek da wasu masana suka nuna a mujallar Science cewa wannan ita ce ainihin matsalar da na'urorin rediyo suke fuskanta wajen zaɓar waɗanda za su yi magana a lokaci guda ba tare da biyu daga cikinsu suna maƙwabtaka ba, suka kuma fitar da dabarar lissafi mai sauƙi daga halin ƙudan.

Bai kamata a ɗauka injiniyoyi daga kifi suka kwafo tsarinsu ba. Tarihinsu dabam ne. Ya faro daga tsarin ALOHA da Norman Abramson ya kafa a Jami'ar Hawai a 1971, inda kowace na'ura take magana duk lokacin da ta so, in an yi karo a jira a sake. Lissafi ya nuna irin wannan sakaka ba ta amfana da fiye da kashi 18 cikin ɗari na zango, in an yanka lokaci gida-gida kuma ta kai kashi 37. Daga nan aka koyi saurare kafin magana, wanda Wi-Fi yake bi. Bluetooth kuma tsalle yake yi tsakanin ƙananan tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa, domin in ya yi karo a wata tasha kada ya daɗe a cikinta. A ƙa'idojin 3GPP ma an tanadi hanya biyu, ɗaya turke ne yake rabo, ɗaya kuma waya ce take zaɓa da kanta. A tsarin da aka yi wa motoci a kundi na 14 a 2017, na'ura tana sauraron daƙiƙa guda da ta wuce, ta cire guraben da ta ji wasu sun kama, sannan ta yi ƙuri'a a cikin waɗanda suka fi shiru. Ƙuri'ar tana da muhimmanci, domin in kowa ya zaɓi gurbi mafi shiru, to duka za su afka masa tare.

Sai dai saurare yana da makanta. Wayoyi biyu da suka yi wa juna nisa ba sa jin juna, kowace za ta ɗauka gurbi fanko ne, su yi magana tare, wayar da take tsakaninsu kuma ta kasa fahimtar ko ɗaya. Kifin da ya gamu da irin wannan yana iya yin iyo ya bar wurin. Mai kallon bidiyo ba shi da wannan zaɓi.

Abin da ya bambanta bidiyo

Saƙon rubutu in ya makara da daƙiƙa biyu ba wanda zai kula. Bidiyo jerin hotuna ne, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, kuma hoton da ya iso bayan lokacinsa ya zama shara. Bidiyo mai matsakaicin kyau yana buƙatar wajen megabit 2.5 a daƙiƙa, wato sa'a guda tana cin fiye da gigabayit ɗaya. Haka kuma hotunan ba darajarsu ɗaya ba. Hanyoyin matse bidiyo irin su H.264 na 2003 da H.265 na 2013 suna aika cikakken hoto jefi-jefi ne kawai, waɗanda suke biye da shi kuma bayanin abin da ya sauya ne kaɗai. In cikakken hoton nan ya ɓata a hanya, duk na bayansa sun lalace har sai wani cikakken ya zo. Mai rabon da ya san aikinsa zai fifita wannan hoto a kan sauran, ya kuma duba ɗan rumbun da kowace waya take tara hotuna a ciki kafin ta nuna su, ya fara agaza wa wadda rumbunta ya kusa ƙarewa.

A nan ne maganar adalci take shigowa. In ana son jimillar data mafi yawa, sai a riƙa bai wa masu sigina mai kyau gurabe kullum, na gefe su mutu da ƙishirwa. In aka bi layi ɗaya bayan ɗaya kuma, ana ɓarnatar da gurbi a kan wanda siginarsa ta faɗi a wannan lokacin. Matsakaiciyar hanya, wadda ta samo tushe daga aikin Frank Kelly na Kambirij a 1997, ita ce a bai wa wanda halinsa na yanzu ya fi kyau in an gwada da abin da ya saba samu. Ga bidiyo ko wannan bai wadatar ba, domin ido yana ƙoshi. Wanda yake kallo lafiya lau, ƙara masa data ba ya ƙara masa komai, alhali wannan ƙarin zai iya ceton wanda hotonsa yake tsaitsayawa. Ma'aunin da ya dace shi ne yawan masu kallon da suka gamsu, kodayake ya fi wuyar aunawa.

Idan waya ɗaya tana watsa wa wayoyi da yawa a lokaci guda, ana samun babbar riba, tun da gurbi ɗaya ya wadatar da kowa, amma dole a yi tafiya daidai da saurin wanda ya fi kowa raunin sigina. An rage wannan da bidiyo mai hawa-hawa, wanda aka ƙara wa H.264 a 2007. Hawa na ƙasa ana aika shi ta yadda kowa zai samu, na sama masu ƙara kyau kuma sai mai sigina mai ƙarfi.

Tambaya mafi daɗin nazari ita ce ta ajiya. Turi ba ya yiwuwa sai in abin da ake nema yana cikin wata waya a kusa. An daɗe da lura cewa 'yan bidiyoyi kaɗan ne suke ɗauke da kaso mai tsoka na duk abin da ake kallo, saboda haka a wajen 2012 da 2013 wasu masana a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, cikinsu har da Andreas Molisch da Giuseppe Caire, suka ba da shawarar wayoyi su riƙa adana irin waɗannan bidiyoyi a sararin da ba sa amfani da shi, a kasa unguwa rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi turi a tsakaninsa. Girman rukunin shi ne wurin ja-in-ja. A ƙaddara waya ɗaya cikin kowace goma tana da fim ɗin da ake nema. Mai maƙwabta 5 damarsa ta samu kashi 41 cikin ɗari ce, mai maƙwabta 20 kuwa kashi 88. Amma faɗaɗa rukuni yana nufin ɗaga murya, ɗaga murya kuma yana rage yawan rukunonin da za su yi turi a lokaci guda. Akwai wani girma a tsakiya da ya fi kowane riba, kuma yana sauyawa daidai da cunkoson jama'a da yadda sha'awarsu ta zo ɗaya. A ɗakin kwanan ɗalibai da suke jiran darasi guda, ɗan ƙaramin rukuni ya isa. A tashar mota, inda kowa da abin da yake so, sai an faɗaɗa.

Inda aka tsaya

Duk da wannan tarin bincike, turi a kan zangon kamfanoni bai zama ruwan dare a wayoyin jama'a ba. Turin da ake yi a kasuwanni da makarantu, da na AirDrop da Quick Share, duk a kan Wi-Fi da Bluetooth yake tafiya, a zangunan da ba su da lasisi irin na gigahaz 2.4, inda tashoshi uku ne kawai na Wi-Fi ba sa hawa kan juna, kuma har tandun ɗumama abinci na lantarki yana zuba tasa hayaniyar a wurin. Yana aiki sarai tsakanin mutum biyu, amma yana sanyi in taro ya cika, kuma babu wanda ya yi alkawarin komai.

Dalilan jinkirin ba na lissafi ba ne kawai. Kamfanin da yake sayar da data ba shi da ɗokin buɗe hanyar da za ta rage cinikinsa. Masu shirya finafinai, irin na Kano da suka daɗe suna kuka da satar fasaha, suna da hujjar tsoron duk abin da zai sauƙaƙa yaɗa aikinsu ba tare da biya ba, sai fa in an kulle fim ɗin ta yadda turi zai kai shi amma sai an biya a buɗe. Sannan ga batir. Me zai sa mutum ya bar wayarsa ta ƙone cajinta domin wani baƙo ya yi kallo, musamman a garin da wuta ba ta zama? Masana halayyar dabbobi sun san wannan tambaya. A 1984 Gerald Wilkinson ya ba da rahoton cewa jemagu masu shan jini a Kosta Rika suna amayo wa ɗan'uwan da ya kwana da yunwa abinci, kuma sun fi yi wa waɗanda suke zaune tare da su, masu iya rama musu. Manhajar BitTorrent ta 2001 ta bi irin wannan ƙa'ida ta ba ni in ba ka. Amma jemagu a kogo ɗaya suke kwana shekara da shekaru, su kuwa wayoyin da suka haɗu a tasha wataƙila ba za su sake haɗuwa ba, don haka sai an sami wani mai riƙe da littafin bashi, kuma wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kamfanin da tun farko ba ya ɗoki.

Wuraren da fasahar ta fi samun masu goyon baya su ne inda rai yake cikin haɗari. Buƙatar 'yan kwana-kwana da 'yan sanda su iya magana da juna bayan bala'i ya kayar da turaku tana cikin manyan dalilan da suka sa aka rubuta ƙa'idar 2015. Motoci masu gargaɗin juna kai tsaye su ne na biyu, kuma a watan Nuwamban 2020 hukumar sadarwa ta Amurka ta ware musu megahaz 30 a zangon gigahaz 5.9, bayan ta yanke 45 daga cikin 75 da aka tanadar wa harkar sufuri a da ta buɗe wa Wi-Fi. Kundi na 16 na 2020 ya kawo turi kai tsaye cikin 5G, kundi na 18 da aka kammala a 2024 kuma ya ba shi damar fita zuwa zangunan da ba su da lasisi, bisa sharaɗin ya saurara kafin ya yi magana, kamar yadda Wi-Fi da ya tarar a wurin yake yi.